Sitiyari, totur da gejin inji: ina ya kamata kowanne ya zauna a gaban matuƙi?

Ɗan Ruwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan harka. Jirgina na faiba ne, tsawonsa mita 7.5, da injin dizal guda ɗaya a ciki, irin wanda in ya samu wuta yake ɗagowa saman ruwa. Katakon da ke cikin allon gaban matuƙi ya ruɓe, dole in sake shi gaba ɗaya. Yadda yake yanzu, geji shida ne a jere daga ƙasa, sitiyari ya rufe biyu daga cikinsu, totur kuma yana can gefe sai na miƙa hannu kafin in kai gare shi. Wani ya ba ni shawara in cire gejin duka in sa allon kwamfuta guda ɗaya mai inci 12, wanda zai riƙa nuna taswira da zurfin ruwa da lafiyar inji a wuri ɗaya. Abin ya kwanta mini a rai, don zai yi kyau kuma tarin wayoyi zai ragu. Amma kafin in ɗora zarto a kan komai ina so in ji daga gare ku. Allo ɗaya ya wadatar? In kuma geji masu allura za a bari, wanne ne zai hau sama, wanne zai sauka ƙasa?

Tsohon Kyaftin:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka ajiye maganar allo da geji tukuna, ba daga nan ake farawa ba. Ana farawa ne daga inda ƙafarka za ta taka da inda idonka zai tsaya.

Aikin matuƙi na farko shi ne kallon ruwa. Ƙa'ida ta 5 a dokokin kauce wa karo a teku na 1972 ta wajabta wa kowane jirgi sa ido da kasa kunne a kowane lokaci, ba ta ware ƙarami ba. Yanzu ka yi lissafi. Jirgin da ke gudun not 25 (not shi ne ma'aunin gudun jirgin ruwa) yana cin kusan mita 13 a daƙiƙa ɗaya. In ka sunkuyar da kai na daƙiƙa uku kana leƙen allurar da sitiyari ya rufe, ka yi tafiyar kusan mita 40 ba ka kallon gabanka, wato fiye da tsawon jirginka sau biyar. Gungumen itace ko kan mai iyo ba ya buƙatar fiye da haka. Saboda haka duk abin da za ka ɗora a allon nan, ka tambayi kanka: wannan zai ƙara mini lokacin kallon ruwa ne ko zai rage?

Sannan ka tuna tsayin ido biyu gare ka, na zaune da na tsaye. Na sha hawa jiragen da in ka zauna goshin jirgi ya tare ka, in ka miƙe kuma ƙarfen saman gilashi ya faɗo daidai kan layin da ruwa ya haɗu da sama. Mutum ya wuni yana ranƙwafawa yana ɗagowa, da yamma wuya ya sage. Kuma kada ka yi wannan awon jirgi na kan tudu. Ka yi shi a ruwa, musamman a lokacin da ka ba shi wuta goshinsa ya tashi kafin ya kwanta, don a nan ne gaba yake ɓacewa gaba ɗaya. Akwai ma'aunin ISO 11591 da aka yi musamman kan abin da matuƙin ƙaramin jirgi ya kamata ya iya hangowa daga mazauninsa, in ka same shi ka duba.

Kafinta:
Baba Kyaftin ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Ni abin da zan ƙara shi ne, kada ka yanka katako mai kyau ko ka zuba faiba sai ka fara yin allon da kwali. Ka samu kwali mai kauri da 'yan sandunan katako ka haɗa siffarsa a cikin jirgin, ka ɗaura sitiyarin gaske da totur ɗin gaske, ka yanka takarda daidai girman kowane geji ka manna da salatif. Sai ka tsaya a gabansa. Ka zauna. Ka juya baya kamar za ka ɗaure jirgi a gaɓa. Gani ya kori ji, abin da zane a takarda ba zai nuna maka ba jikinka zai faɗa maka nan take.

Ga abin da nake dubawa in ina wannan gwaji. In ka kama sitiyari, kafaɗunka su sauka, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, kada hannu ya miƙe sambal kuma kada sitiyarin ya tokare maka ciki. Ka tura totur har ƙarshe gaba, ka ga ko dunƙulallen hannunka zai wuce tsakaninsa da bakin sitiyari da kuma allo ba tare da ya goge ba. Ka ja shi har ƙarshe baya, ka ga ko gwiwar hannunka ba ta bugi kujera ba. Abu mafi muhimmanci a totur shi ne a samu inda tsintsiyar hannu ko tafi zai jingina. In hannu yana reto a iska, duk igiyar ruwan da ta daki jirgi sai ta tura hannun, inji ya yi ta kuka yana sauka ba da niyyarka ba. Ɗan tudu kaɗan a gindin totur ya isa.

A ƙasa kuma ka bar kogo kamar na santimita 10 da yatsun ƙafa za su shige, in ba haka ba za ka tsaya nesa kana ranƙwafowa, gadon baya ne zai biya. Ka sa matakin ɗora ƙafa na lokacin zama, don ƙafar da ke lilo ba ta tare wa ƙashin baya bugun ruwa. Kowace kusurwa ka daddaɗe ta ta zama mai lanƙwasa, domin wata rana haƙarƙari ko goshi zai same ta. Wanda ke tsaye kusa da kai ma ka yi masa mariƙi nasa, in ba ka yi ba totur ɗinka zai cafka ranar da jirgi ya yi tsalle.

Saman allon, wato wurin da ke ƙarƙashin gilashi, kada ka bar shi fari mai sheƙi. Ka shafa masa baƙi ko ruwan toka mai duhu marar ƙyalli, in ba haka ba hotonsa zai cika gilashin da rana tsaka.

Ɗan Ruwa:
Na gode Baba, na gode Oga Kafinta. Maganar farin saman allo kam ta taɓa ni, don nawa fari ne fat, kuma da hantsi sai na leƙa ta gefen gilashi nake ganin ruwa sosai. Zan yi na kwalin in sha Allah. To maganar geji fa?

Bakanike:
To an zo wurina. Ɗan'uwa, geji shidan nan naka ba matsayinsu ɗaya ba, kuma jera su a layi ɗaya kamar duk ɗaya suke shi ne babban aibin tsohon allon.

Ka raba su bisa saurin da matsalar kowanne take kashe inji. Ƙarfin baƙin mai in ya faɗi, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, ya tafi, inji ya kama. Zafi in ya hau, 'yan mintoci ne gasket ya ƙone ko kan inji ya lanƙwashe. Waɗannan biyun da gejin juyin inji su ne za su hau sama, daf da layin da idonka ke kallon ruwa, inda za ka saci kallonsu ba tare da ka motsa kai ba. Gejin batir, in ya nuna caji ya tsaya, kana da sa'o'i. Gejin mai kana dubansa ne jefi-jefi. Mai ƙirga awannin inji kuwa ko a cikin akwati ka ɓoye shi ba abin da zai faru. Waɗannan su sauka ƙasa ko gefe.

Dabara ta biyu daga masu tseren mota aka samo ta. Geji mai zagaye ana iya juya shi a cikin raminsa. Ka tayar da inji ya yi zafinsa na aiki, ka ba shi gudun da ka saba tafiya da shi, sai ka juya kowane geji har allurarsa ta kalli sama tsaye. Rubutun zai ɗan karkace, ba komai. Daga ranar ba karanta lamba kake yi ba, kallo ɗaya za ka ga duk allurai a tsaye, wadda ta kauce ita za ta kira idonka da kanta. Allon kwamfuta mai rubuta zafi da lamba, 84 ko 91, sai ka karanta, ka tuna nawa ne daidai, ka kwatanta. Allura kuwa ko ta gefen ido ka gan ta ka gane.

Na uku, kuma wannan ne na fi so ka riƙe: geji ba ya tsare inji, ƙararrawa ce ke tsare shi. Ba mai iya zura wa allura ido wuni guda. Ka sa ƙararrawa mai ƙarar da za ta fi ta inji da iska, da jar fitila, a kan baƙin mai da zafi. Ka ƙara wata a kan bututun hayaƙi. Dalili shi ne, in leda ta toshe mashigar ruwa ko robar famfon ruwa ta yage, ruwan da ke sanyaya hayaƙi ne ke fara yankewa. Cikin daƙiƙoƙi tiyon salansa ya fara gasuwa, alhali allurar zafi tana nan ba ta motsa ba, don ruwan da ke zagaye cikin inji yana ɗaukar lokaci kafin ya hau. Na buɗe injuna da yawa da mai su ke rantsuwa geji bai nuna komai ba, kuma gaskiya yake faɗa. Haka in ruwan cikin injin ya tsiyaye, sensa tana zaune a busasshen wuri, ba lallai ta ba da labari da wuri ba.

Allo ɗaya tilo kam ban yarda da shi ba. Fis ɗaya ya ƙone, ka rasa taswira da zurfi da inji a lokaci guda.

Injiniyar Lantarki:
Oga Bakanike, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, amma ka yi wa allo rashin adalci kaɗan. Kafin a yanke hukunci sai mun san wane irin inji ne. Malam Ɗan Ruwa, naka mai kwamfuta ne ko tsohon yayi mai famfon dizal na ƙarfe zalla?

In mai kwamfuta ne, bayanan suna nan a cikinsa tuntuni, yawanci ta tsarin J1939, harshen da kwamfutar inji ke magana da shi, kuma ana iya fito da su zuwa layin NMEA 2000, wato waya guda da na'urorin jirgi ke magana da juna ta cikinta. A nan allo zai nuna maka abin da allura ba za ta taɓa nunawa ba: lita nawa kake ƙonawa a awa, nauyin da ke kan inji, lambar matsala in ta taso. Sanin lita a awa kaɗai yana sauya yadda mutum ke tuƙi, don za ka ga da idonka gudun da jirgi ya fi cin nisa da mai kaɗan. Allon kuma yana iya zana allura mai zagaye da launin kore da ja, ba dole sai lamba ba. In kuwa tsohon inji ne, sai ka sayi akwatin da zai juya saƙon sensa zuwa harshen allo, ka zauna ka daidaita kowace ɗaya, kuma ka ƙara wani abin da zai iya lalacewa a tsakani. A wannan hali ban ga ribar ba.

Matsalar allo ɗaya a wurina ba fis ba ce kawai. Matsalar ita ce shafi. Lokacin da ka fi buƙatar taswira ta cika allo, wato kana shiga matsattsen wuri ko ruwa marar zurfi, shi ne lokacin da yashi da ciyawa suka fi toshe mashigar ruwan inji. Ka buɗe taswira, shafin inji ya koma baya. Abin da zai iya kashe inji bai kamata ya zama a shafi na biyu ba.

In za ka sayi allo, ka gwada abu uku. Ka sa tabaran rana irin mai kashe ƙyallin ruwa ka kalle shi, ka karkata kai hagu da dama, don wasu allunan baƙi ƙirin suke komawa ta cikin irin wannan tabarau. Ka jiƙa yatsa ka taɓa shi. Sannan ka nemi mai maɓallai da abin murɗawa a gefe ban da taɓawa, saboda in ruwa ya tashi yatsa ba ya sauka inda ka nufa. Wajen kafa shi kuma, fuskarsa ta kalli idonka kai tsaye, kada ya kwanta yana kallon sama yana tara rana.

Ɗan Ruwa:
Tsohon yayi ne Hajiya, ba kwamfuta ko ɗaya a jikinsa. Ko kashe shi ma da wata waya ake ja.

Bakanike:
To magana ta ƙare ke nan, Hajiya da kanta ta yanke. Allo ya riƙe taswira da zurfi, allurai su riƙe inji. Ni ban ƙi sabon abu ba ranki ya daɗe, injunan zamani da kwamfuta nake duba su kullum. Abin da na ƙi shi ne ƙararrawar inji ta dogara da na'urar da matuƙi zai iya kashewa ko ya rage mata murya don ta dame shi.

Tsohon Kyaftin:
Tunda an zo nan, bari in kawo abin da ya faru da manya. Ranar 21 ga Agusta 2017, jirgin yaƙin Amurka USS John S. McCain ya yi karo da tankar Alnic MC kusa da Singafo, sojojin ruwa goma suka rasu. Sarrafa totur ɗin jirgin da miƙa tuƙinsa daga mazauni zuwa mazauni ta allon taɓawa ake yin su. Bayan bincike, a 2019 rundunar ruwan Amurka ta ce za ta mayar da totur na hannu a irin waɗannan jirage. In masu wannan kuɗi da horo sun koma ga abin da hannu ke kamawa, mu me za mu jira?

Injiniyar Lantarki:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, labarin haka yake, amma akwai abin da ke cikinsa da ya wuce allo da ƙarfe. Abin da ya faru shi ne, an ba da umarni a mayar da totur zuwa wani mazauni don a rage wa matuƙi aiki, sai tuƙin ma ya bi shi can ba tare da an lura ba. Matuƙi ya juya sitiyari ya ji ba ya amsawa, ya ɗauka tuƙi ya lalace. Ana cikin haka aka rage gudun farfela ɗaya ita kaɗai, ana zaton duka biyun aka rage, jirgi ya karkata hagu ya shiga gaban tankar. Wato mutane suna tsaye a gaban na'ura amma ba wanda ya san a hannun wa jirgin yake, kuma ba wanda ya ga cewa farfelun ba gudu ɗaya suke ba.

Sandar totur ta ƙarfe tana faɗa maka inda take ko idonka a rufe, kuma wanda ke bayanka ma yana ganinta. Wannan ne abin ɗauka ga ƙaramin jirgi. Makunnin hon, da na waifa, da na famfon kwashe ruwa, kowanne hannu ya iya gane shi a duhu. In ka jera makunnai goma masu kama ɗaya, wata rana za ka nemi hon ka kashe fitilun tafiya. Ka ware hon shi kaɗai kusa da babban yatsa, ka bambanta siffarsa, sauran ka raba su gida-gida da ɗan tazara a tsakani.

Masunci:
Sannunku da ƙoƙari. Ni yawancin tafiyata da dare ce ko kafin asuba, kuma duk abin da kuka faɗa na rana ne. Malam Ɗan Ruwa, ka gwada allonka cikin duhu kafin ka ce ka gama. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, amma haske ɗaya mai ƙarfi ya isa ya rushe wannan. Abin da ya fi cutar da ni ba manyan fitilu ba ne, 'yan ƙananan nan ne shuɗɗa da ake sa wa makunnai da wurin cajin waya. Da rana ba ka ma san suna nan ba, da dare kuwa sai su cika gilashi, ka kasa bambance su da fitilar wani jirgi. Duk fitilar da ke allon ta bi ta abin rage haske guda ɗaya, wanda zai iya kai ta kusan mutuwa. Allon taswira kuma ka koyi inda ake rage haskensa tun da rana. Kuma ka sa jan haske a geji, shi ne ba ya kashe ido.

Tsohon Kyaftin:
Jan haske yana da amfaninsa ƙanena, amma ba shi ne duka ba. A ƙarƙashinsa jan layin da ke kan geji yana ɓacewa, launukan taswirar takarda su rikice, mu da ido ya fara gajiya kuma ƙananan rubutu sukan gagare mu. Jan haske mai ƙarfi ya fi farin da aka rage sosai ɓarna. Ni na fi damuwa da yawan hasken fiye da launinsa. Maganar hoto a gilashi kuwa, shi ya sa a manyan jirage masu mita 55 zuwa sama dokar kare rayuka a teku, wato SOLAS, ta ce gilasan gaba su karkata, samansu ya fita waje da digiri 10 zuwa 25. Ƙaramin jirgi mai gilashi kwance baya ba shi da wannan gata, sai dai a yi wa geji 'yar rumfa a kansu.

Masunci:
Rumfar kam na yarda Baba. Amma ni da ja na saba kuma da shi nake ganin ruwa, ba zan sauya ba.

Ɗan Ruwa:
Wata tambaya. Tunda komai zan sake, ko in mayar da sitiyarin tsakiya ko hagu? Yanzu a dama yake. Sannan kamfas ɗina yana can gefe kusa da lasifikar rediyo, na ga kamar ba ya faɗin gaskiya.

Tsohon Kyaftin:
Bar shi a dama. Ƙa'ida ta 15 ta ce in jirage biyu masu inji za su gitta wa juna, wanda ya ga ɗayan ta damansa shi ne zai kauce. Ke nan ɓangaren da nauyin kaucewa ke kanka shi ne dama, gara ka zauna inda ba abin da zai tare maka shi. Ban da haka, farfelar da ke juyawa dama in ana tafiya gaba tana ɗan kwantar da jirgi hagu, nauyin matuƙi a dama yana rage wannan. Kuma ka riga ka san wayoyin tuƙi da na totur ta nan suka bi, sauya su wani aiki ne.

Kamfas kuwa ba laifinsa ba ne. A cikin lasifika akwai maganaɗisu, dole ya ja shi. Wurin kamfas shi ne gabanka sak, a saman allo, yadda za ka ɗaga ido daga kansa zuwa ruwa ba tare da juya wuya ba, kuma layinsa ya yi daidai da tsawon jirgi. In yana gefe, kallon karkace kaɗai zai sa ka karanta ba daidai ba. Tun a kan kwalin nan ka ajiye shi a wurinsa, ka riƙa kawo kowace na'ura kusa da shi ɗaya bayan ɗaya, a kashe sannan a kunne, kana kallon ko zai motsa. Motar waifa, bakin rediyo, wayar hannu, har allon taswirar, duk ka gwada. Yawancin na'urori an rubuta a littafinsu tazarar da za a bari tsakaninsu da kamfas. Wayoyi biyun da ke kai masa wutar fitila ka murɗe su tare kamar igiya, hakan na kashe jan da wutar ke yi. Rediyon kuma ka sa shi inda hannun hagu zai ɗauko bakinsa kana riƙe da jirgi, wayarsa ba ta ratsa ta cikin sitiyari ba.

Masunci:
Ba wanda ya ambaci igiyar kashe inji, wadda matuƙi ke ɗaurawa a jikinsa, in ya faɗi ta fizge makunni inji ya mutu. Jirgi mai gudu irin wannan, matuƙi a tsaye, juyi ɗaya mai tsanani ya isa ya wurga mutum ruwa, jirgin kuma ya riƙa zagaye yana dawowa kansa. A watan Mayun 2013 a Padstow ta Ingila haka ta faru da wasu iyali, duka suka faɗa ruwa, igiyar ba ta jikin kowa, uba da 'yarsa suka rasu. A Amurka tun 1 ga Afrilu 2021 doka ta tilasta ɗaura ta a jiragen shaƙatawa masu makunninta da ba su kai ƙafa 26 ba in suna gudu a saman ruwa, sai dai in mazaunin matuƙi a cikin rufaffen ɗaki yake. Abin da ya sa na kawo ta a maganar tsarin allo shi ne, mutane suna ƙin ɗaura ta ne in an sa makunninta a inda take harɗewa da sitiyari. Ka sa shi ƙasa, daidai gwiwa, ka ɗaura a cinya.

Bakanike:
Gaskiya ne, sai dai a injinsa akwai ƙarin aiki. Ya ce da waya ake ja a kashe shi. Irin wannan dizal ba ruwansa da wutar lantarki in ya tashi, ko ka zare makulli ka cire batir zai ci gaba da aiki. Kafin igiyar ta yi amfani sai an sa masa solonaid a kan famfon dizal wanda zai yanke mai. Ka nemi wanda ya dace da famfonka, kuma ka bar wayar ja ɗin a wurinta, kusa da hannu, da jan mariƙi.

Ɗan Ruwa:
Na dawo da labari. Na haɗa na kwalin kamar yadda Oga Kafinta ya ce, na fita da shi ruwa a hankali. Allo mai inci 12 bai samu wuri ba, in na sa shi a sama yana cinye mini ruwan da ke gaban goshi in ina zaune, kuma yana jan kamfas in ya matso. Mai inci 9 ya zauna daidai, ɗan hagu da tsakiya. Kamfas a gabana sak. Juyin inji da baƙin mai da zafi suna sama da bakin sitiyari ta dama, ina ganinsu a zaune da tsaye. Batir da mai sun sauka ƙasa. Totur na matso da shi kusan tafin hannu guda, na kuma ɗaga shi kaɗan, kafaɗata ta daina ɗagewa. Abin da ya rage, ƙanena ma yana tuƙa jirgin kuma na fi shi tsawo sosai. Da ya tsaya a wurin, bakin sitiyari ya rufe masa gejin zafi.

Kafinta:
Madalla da ka kawo shi tun yanzu. Kada ka sauke allon don shi, kai za ka cutu. Gajere ana ɗaga shi, dogo ba a rage shi. Ka yi masa mataki mai naɗewa a ƙasa, mai faɗin da ƙafa biyu za su zauna daram, da abin hana santsi, wanda in an naɗe shi zai zama wurin ɗora ƙafarka in ka zauna. Ka fara gwadawa da falanki kana ƙara kauri har idonsa ya kai inda naka yake. In da hali ka sa sitiyari mai karkatawa da kujera mai matsawa gaba da baya.

Bakanike:
In ka zo sayen geji, kowanne ka saye shi tare da sensarsa, kamfani ɗaya. Akwai tsarin Amurka da na Turai kuma ba sa jituwa. A gejin mai, na Amurka om 240 ne (om shi ne ma'aunin yadda sensa ke tare wuta) in tanki ba komai, 33 in ya cika, na Turai kuwa daga kusan sifiri yake hawa zuwa 180 ko 190. Ka haɗa wannan da wancan, allura ta riƙa tafiya a juye. Sensa mai waya ɗaya ta jikin zarenta take samun as, wato hanyar komawar wuta ta ƙarfen inji, saboda haka kada ka naɗe zaren da farin tef ɗin famfo har ya raba ta da ƙarfen inji. Ka yi wa bayan allon ƙofa da hannu biyu za su shiga, ka rubuta wa kowace waya sunanta a kai da gindi. Ranar da ka gama, kafin ka kwance igiya, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: ƙararrawar baƙin mai dole ta yi kuka, ta kuma yi shiru da zarar inji ya tashi. Gejin batir ya nuna wajen volt 12.6 kafin tashi, ya hau tsakanin 13.8 da 14.4 bayan ya tashi. Ta zafi da ta hayaƙi kuma ka taɓa wayar kowace sensa da jikin inji, ka tabbatar ƙanenka yana jin ƙarar daga wurin sitiyari inji na aiki.